DARASI: YADDA ZA A HANA CANJA KALMAR SIRRI A KWAMFUTAR TARAYYA

Darasinmu na wannan wata a kan kwamfuta yake, watau na'ura mai ƙwaƙwalwa. Kada wani ya ce wannan ba nasa ba ne. Yau akwai kwamfuta a ofishin ƙungiyar manoma, da makarantar ƙauye, da ɗakin shan magani, da shagon buga takardu. Sau da yawa kwamfutar guda ɗaya ce tak, masu amfani da ita kuwa suna da yawa. To, a nan ne matsala takan taso. Mutum ɗaya ya canja kalmar sirri, sauran jama'a su zo su tarar ƙofa a rufe. Za mu koyi yadda ake hana wannan. Ku karanta a hankali, wanda ya gane ya taimaki wanda bai gane ba.

Mu fara daga Ƙofar Dukawuya

Wanda ya san birnin Kano ya san unguwar Dukawuya, a Ƙaramar Hukumar Gwale, kusa da tsohon mazaunin Jami'ar Bayero. Ƙofar Dukawuya ɗaya ce daga cikin ƙofofin badalar Kano. Sarkin Kano Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara gina badalar. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya ƙara mata faɗi.

A zamanin da, kowace ƙofa tana da ƙyaure, tana kuma da Sarkin Ƙofa. Da safe a buɗe, da dare a rufe. Manomi ya fita gona ta ƙofar. Fatake su shigo da jakunansu. Mai itace ya wuce, mai tallar nono ta wuce. Ƙofa ta kowa ce. Amma buɗewa da rufewa aikin Sarkin Ƙofa ne. Da a ce duk wanda ya wuce yana da ikon sa nasa kwaɗon, da wata rana mutanen gari sun kwana a waje.

Ku riƙe wannan misali, domin a kansa darasin duka yake tafiya. Kwamfutar tarayya kamar ƙofar gari take. Kowa ya shiga ya yi aikinsa, amma canja makulli na mutum ɗaya ne wanda jama'a suka amince da shi.

Mene ne asusu? Mece ce kalmar sirri?

Ku ɗauki kwamfuta kamar gida mai ɗakuna. Kowane ɗaki ana kiransa asusu. Wannan ba asusun ajiye kuɗi ba ne. Wuri ne da mutum yake shiga ya tarar da takardunsa da hotunansa da lissafinsa. Kowane asusu yana da suna, yana kuma da makulli. Makullin shi ne kalmar sirri, watau wasu haruffa da lambobi da ake rubutawa kafin kwamfuta ta bari a shiga.

Kalmar sirri ta daɗe. A wajen 1961, a wata babbar jami'a ta ƙasar Amurka mai suna MIT, akwai kwamfuta guda wadda mutane da yawa suke aiki da ita. Wani malami mai suna Fernando Corbató shi ne ya jagoranci aikin. Sai aka ba kowane mutum kalmarsa ta sirri don kada wani ya shiga takardun wani. Ba a daɗe ba, a 1962, wani ɗalibi mai suna Allan Scherr ya ga lokacin da aka ba shi a kwamfutar bai ishe shi ba. Sai ya yi dabara ya sa na'urar ta buga masa kalmomin sirrin mutane duka a takarda. Kun ga ke nan tun farko rikicin makulli yana tare da kwamfutar tarayya.

A kwamfuta mai aiki da tsarin Windows, wanda shi ne aka fi samu a ofisoshi da shagunanmu, asusu iri biyu ne:

1. Asusun mai kula. A fuskar kwamfuta ana rubuta shi "Administrator". Wannan shi ne Sarkin Ƙofa. Yana iya buɗe sabon asusu, ya rufe tsoho, ya canja kalmar sirrin kowa.

2. Asusun mai amfani. Ana rubuta shi "Standard". Mai wannan asusu yana iya rubutu da lissafi da buga takarda. Ba ya iya taɓa asusun wani. Amma fa yana iya canja kalmar sirrin asusun da yake ciki, in ba a hana shi ba.

Wannan abu na ƙarshe shi ne tsagar da ke jikin bango. Hausawa kuwa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Abin da kan faru in ba a hana ba

Mu ɗauki misali. A ce ƙungiyar mata masu sana'a a Dukawuya ta sayi kwamfuta guda. A ciki ake rubuta zubin adashi, da sunayen waɗanda suka karɓi rance, da ranar biya. Shugaba da sakatariya da ma'aji da wasu mambobi biyar duk asusu ɗaya suke shiga, da kalmar sirri ɗaya.

Wata rana ɗan ɗaya daga cikinsu ya zo yana koyon danne-danne. Ya ga wurin canja kalmar sirri, ya canja don wasa. Kashegari ya manta abin da ya rubuta. Ranar kwasar adashi ta zo. Ma'aji ta rubuta tsohuwar kalma, kwamfuta ta ƙi. Ta sake, ta ƙi. Mata sun taru suna jira. Wannan ta ce ita ke da ɗauka, waccan ta ce ita ce. Lissafi yana cikin kwamfuta, kwamfuta kuwa a kulle. Daga nan sai zargi, daga zargi sai gaba.

Ba kullum ne wasa yake kawo haka ba. Wani da kyakkyawar niyya yake canjawa, yana ganin tsohuwar kalmar ta bazu, sai ya yi tafiya bai gaya wa kowa ba. Wani kuwa da gangan yake yi. An yi saɓani da shi, ko an sauke shi daga muƙami, sai ya kulle kwamfuta ya riƙe makulli don a zo a roƙe shi.

In haka ta faru kuma babu asusun mai kula, sai an ɗauki kwamfuta an kai wa mai gyara. A biya kuɗin mota, a biya kuɗin gyara, a yi asarar kwanaki. Wani mai gyaran ma goge komai zai yi ya sake zuba sabon tsari, lissafin shekaru ya tafi. Rigakafi ya fi magani.

Mataki na farko: a raba asusu biyu

Kafin komai, ku tabbata kwamfutarku tana da asusu biyu. Ɗaya na mai kula, ɗaya na jama'a. Na jama'a dole ya zama "Standard". Wannan yana da muhimmanci ƙwarai. In asusun jama'a na "Administrator" ne, duk hanin da kuka sa aikin banza ne, domin wanda yake ciki yana da ikon cire shi. Kamar ka ɗaure akuya ne ka ba ta wuƙa.

Ga yadda ake dubawa. Mai kula ya shiga asusunsa. Ya buɗe "Settings", ya danna "Accounts", sa'an nan ya nemi inda aka rubuta "Other users". Ya danna sunan asusun jama'a, ya zaɓi "Change account type", ya mai da shi "Standard User".

Waɗannan kalmomi da Turanci suke fitowa a fuskar kwamfuta. Kada wannan ya ba ku tsoro. Ku kwafe su a littafinku harafi bayan harafi, ku riƙa gwada su da abin da kuke gani.

Abu na biyu, asusun jama'a ya zama na cikin kwamfutar ne kawai, wanda ba a haɗa shi da adireshin imel na wani ba. In an haɗa asusu da imel na kamfanin Microsoft, mai imel ɗin yana iya canja kalmar sirri daga wayarsa, ko yana wani gari. Hanin da za mu koya ba ya kama irin wannan asusu.

Haka nan ku ba asusun jama'a gajeren suna mai kalma ɗaya, kamar Aji ko Ofis. Zai fi sauƙin rubutawa.

Mataki na biyu: a sa hani

Hanya biyu ce. Windows yana da iri-iri. Akwai mai suna "Pro", akwai mai suna "Home". Hanya ta farko tana aiki a "Pro". Ta biyu tana aiki a duka biyun. Hanyoyin iri ɗaya ne a Windows 10 da Windows 11.

Hanya ta farko:

1. Ka shiga asusun mai kula.
2. Ka riƙe madanni mai hoton taga, ka danna harafin R. Wani ɗan akwati zai fito.
3. Ka rubuta lusrmgr.msc a cikin akwatin, ka danna "Enter".
4. A gefen hagu ka danna "Users". Sunayen asusu duka za su fito.
5. Ka danna sunan asusun jama'a sau biyu da sauri.
6. Za ka ga layuka, kowanne da ɗan akwati a gabansa. In akwai alama a gaban "User must change password at next logon", ka cire ta. Ma'anar layin ita ce a tilasta wa mai shiga ya canja kalma. In ba ka cire ba, layi na gaba ba zai dannu ba.
7. Ka sa alama a gaban "User cannot change password". Ma'anarsa mai amfani ba zai iya canja kalmar sirri ba.
8. Ka sa alama a gaban "Password never expires". Ma'anarsa kalmar ba za ta ƙare aiki ba.
9. Ka danna "Apply", sa'an nan "OK".

Kada ku tsallake lamba 8. Ga dalili. Wasu kwamfutocin an tsara su su nemi sabuwar kalma bayan kwana 42. In ranar ta zo, kwamfuta za ta ce a canja, hani kuma ya ce ba a canjawa. Sai jama'a su tsaya a waje har mai kula ya zo.

Hanya ta biyu:

1. Ka shiga asusun mai kula.
2. A wurin bincike da ke ƙasan fuskar kwamfuta ka rubuta cmd.
3. Ka zaɓi "Run as administrator". In ta tambaye ka, ka danna "Yes". Wani baƙin allo zai fito.
4. A ce sunan asusun jama'a Aji ne. Ka rubuta wannan layi daidai yadda yake, ka danna "Enter":

net user Aji /passwordchg:no

5. In ka ga an rubuta "The command completed successfully", aiki ya yi.
6. Sa'an nan ka rubuta wannan layi, ka danna "Enter", don kada kalma ta ƙare aiki:

net accounts /maxpwage:unlimited

Ku lura, wannan layi na biyu yana shafar dukan asusun da ke cikin kwamfutar. In wata rana ana so a cire hanin, sai a sake rubuta layi na farko, amma a sa yes a maimakon no.

Mataki na uku: a gwada

Magini ba ya barin ɗaki sai ya gwada ƙyaure. Ka fita daga asusun mai kula, ka shiga na jama'a. Ka danna madannai uku tare, watau "Ctrl" da "Alt" da "Delete". Ka zaɓi "Change a password". Ka gwada sa sabuwar kalma. In ka yi aikin daidai, kwamfuta za ta ƙi. In ta yarda, ka koma ka duba ko asusun jama'a yana nan a matsayin "Administrator", ko kuma alamar ba ta zauna ba.

Wani lokaci za ku ga kwamfuta tana neman wata gajeriyar lamba mai suna "PIN" wadda wani ya sa. Kada hankalinku ya tashi. Ku danna "Sign-in options", ku zaɓi hoton makulli, ku rubuta kalmar sirrin da kuka sani.

Wa zai riƙe makullin mai kula?

Yanzu iko ya koma hannun mai kula. To, shi kuma fa? Mutum yana tafiya, yana rashin lafiya, yana mantuwa, rai kuma na Allah ne. In mutum ɗaya kaɗai ya san kalmar mai kula, matsalar tana nan, wuri kawai ta canja.

Ga shawara. A zaɓi mai kula a gaban taro, mutumin da aka san shi da riƙon amana. A rubuta kalmar sirrin mai kula a takarda, a sa a ambulan, a liƙe. Shugaba da sakatare su sa hannu a kan liƙin. A ajiye ambulan a akwati mai kwaɗo a wurin shugaba ko wani dattijo. Ba a buɗewa sai da larura, kuma a gaban shaidu biyu. In an buɗe, a canja kalma a sake liƙewa.

Kalmar mai kula ta zama doguwa, kamar kalmomi huɗu da ba su da dangantaka da juna, a haɗa da lamba. Kada a sa sunan ƙungiya, ko sunan gari, ko lambar waya, ko 1234. Waɗannan su ne abin da mai mugun nufi yake fara gwadawa. Kuma kada mai kula ya riƙa aikin yau da kullum a asusunsa. Ya shiga na jama'a kamar kowa. In ya shiga nasa don gyara, ya fita kafin ya tashi daga kujera.

Yaushe ake canja kalmar jama'a?

Hana jama'a canjawa ba ya nufin kalma ta zauna har abada. Mai kula zai canja ta in wani ya bar ƙungiya, ko an sallami ma'aikaci, ko an ga kalmar ta kai kunnen wanda bai kamata ba. Zai buɗe baƙin allon nan ya rubuta:

net user Aji *

Kwamfuta za ta nemi sabuwar kalma sau biyu. Ba za a ga haruffan ba lokacin da ake rubutawa, amma suna shiga. Bayan haka ya gaya wa masu haƙƙi baki da baki. Kada a rubuta kalma a manna a jikin kwamfuta ko a bango.

Abin da hanin ba ya magani

Wannan hani yana tsare makulli ne kawai. Ba ya hana wanda ya shiga goge takarda ko canja lissafi. Kuma tun da kowa da suna ɗaya yake shiga, kwamfuta ba za ta iya faɗin wanda ya yi ɓarna ba. Saboda haka ku kiyaye waɗannan:

1. A ajiye littafi kusa da kwamfuta. Duk wanda zai yi aiki ya rubuta sunansa da rana da lokaci.
2. Kowane mako a kwafe muhimman takardu a filas, a ajiye shi a wani wuri dabam. Lissafin kuɗi kuwa a buga shi a takarda duk wata.
3. Ma'aji ya sami asusunsa shi kaɗai, da kalmarsa, in lissafin kuɗi ne mai yawa. Ba a biyan ko kwabo don buɗe sabon asusu a kwamfuta.
4. Kada ka bar abinka na kanka a asusun jama'a. Lambar BVN, da lambar NIN, da lambar sirrin katin banki, duk ba wurinsu ba ne.
5. In ka buɗe imel ko Facebook, ko kana cike wa ɗanka takardar jarrabawar JAMB, kwamfuta takan tambaya ko ta adana maka kalmarka. Ka ce a'a. In ka gama ka fita daga shafin kafin ka tashi.

Ku kuma sani cewa a Nijeriya akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Shiga kwamfutar wani ba da izini ba don a cuce shi laifi ne a ƙarƙashinta. Don haka wannan darasi na kwamfutarku ne, ko wadda aka ba ku amanarta.

Sababbin kalmomi

Asusu: ɗakin mutum ko na jama'a a cikin kwamfuta.
Kalmar sirri: haruffa da lambobin da ke buɗe asusu.
Mai kula: wanda yake da iko a kan dukan asusun da ke cikin kwamfuta.
Filas: ɗan ƙaramin abin da ake soka wa kwamfuta a kwafi takardu.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin Sarkin Ƙofa a zamanin da? Wa ya yi kama da shi a kwamfuta?
2. Me ya sa asusun jama'a ba zai zama na mai kula ba?
3. Waɗanne layuka biyu ake sa wa alama a hanya ta farko?
4. Ina za a ajiye kalmar sirrin mai kula? Mutum nawa za su shaida buɗe ta?
5. Kawo abubuwa uku da bai kamata ka bari a kwamfutar tarayya ba.

Ku rubuta amsoshin a littafinku, ku nuna wa malaminku. In akwai kwamfuta a ƙungiyarku ko a makarantar garinku, ku je tare da mai kula da ita cikin makon nan, ku duba ko an sa wannan hani. In ba a sa ba, ga darasi a hannunku, ku bi shi lamba bayan lamba.

Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.